Kyamarar gida ta daina nunawa a waya: wa ya taɓa fama da wannan?

Baban Khairat:
Salamu alaikum jama'a. Ina da kyamarar waifai a bakin ƙofar gida, irin mai juyawar nan da ake kallo ta waya. Tun ranar Juma'a manhajarta ke cewa tana oflayin. Ni ina Abuja wurin aiki, iyali suna Kaduna. Uwargida ta ce 'yar fitilar jikinta tana ƙifta ja, kuma wayoyinsu suna hawa intanet da rautar gidan, wato na'urar da ke raba waifai, lafiya lau. Wanda ya saka mana ita ba ya ɗaga waya. Ƙanena ya ce a danne madannin risetin kawai a huta. Kafin in ba da izini, don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Mai haɗa kyamara a Kano:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a dakata da risetin tukuna. Idan aka danne shi, kyamarar za ta manta sunan waifai da kalmar sirri da duk saitin da aka yi mata, sai an sake haɗa ta daga farko, kuma wanda zai yi hakan dole yana tsaye a gabanta da waya. Wasu ma idan tana ɗaure da asusunka ba za su yarda wani ya haɗa su da nasa ba sai ka cire ta daga naka. Kai kana Abuja, ka ga aiki ya ƙaru.

Ni duk gidan da aka kira ni, abin da nake fara nema shi ne inda igiyar ta tsinke. Ko dai kyamarar ba ta samun wuta, ko tana da wuta amma ba ta kai ga rauta, ko kuma ta kai ga rauta amma rautar ce ba ta fita waje saboda data ko sabis. Taka tana da wuta tunda fitila na ƙiftawa, rauta kuma na aiki tunda wayoyi na hawa. Saura tsakiyar. A yawancin irin waɗannan, ja mai ƙiftawa na nufin tana neman waifai ba ta samu ba, ko da yake kowane kamfani da launukansa. Ka tambayi gida: an canza rauta? An matsar da ita wani ɗaki? An taɓa sunanta ko kalmar sirri?

Maman 'yan biyu:
Tamu canjin rauta ne ya kashe ta. Maigida ya sayo sabuwa babba, wai ta fi gudu, kyamarori biyu suka ɗauke lokaci guda. Ashe waifai zango biyu ne, 2.4GHz da 5GHz, ƙananan kyamarorin nan kuma mafi yawansu 2.4 kaɗai suke gani, sabuwar tana da duka biyun, ta haɗe su a suna ɗaya. Waya ta hau 5, mu kuma muna ta nuna wa kyamara lambar QR, zanen nan da manhaja ke fitarwa don a haɗa ta, tana ta magana da Turanci tana cewa ta kasa. Sai da ɗan yayata ya shiga saitin rautar ya raba su, kowanne da sunansa, ya ɗora wayar a kan 2.4, sannan suka kama. Ya ce ma 2.4 ɗin ya fi ratsa bango, shi ya sa ya fi dacewa da abin da ke waje.

Baban Khairat:
Na kira gida. Rauta tana inda take, amma babban yarona ya canza kalmar sirri ranar Alhamis da daddare, wai yaran maƙwabta sun samu suna cinye mana data. Bai faɗa wa kowa ba, shi ya bi wayoyin gidan ya saka musu sabuwar.

Mai haɗa kyamara a Kano:
To Alhaji, ga ɓarawon nan an kama. Yaro ya yi daidai, kyamarar ce kawai bai tuna da ita ba. Ya mayar da tsohuwar kalmar yadda take, babban baƙi da ƙarami, kada ya sauya ko ɗigo. A zare cajar kyamara a mayar, za ta hau da kanta. Idan ta dawo, ka duba cikin manhaja, wasu suna da wurin canza waifai: ka ba ta sabuwar kalmar daga nan, sannan ya canza a rauta. Idan taka ba ta da shi, a bari sai ka zo gida. Wannan dabarar tana aiki ko da sabuwar rauta aka saya: a ba ta suna da kalmar sirrin tsohuwar, duk na'urorin gidan su hau ba tare da an taɓa su ba.

Dogo mai shago:
Ni tawa aljanar dare ce. Da rana garau, da an yi sallar isha'i sai ta fara ɗaukewa tana dawowa har asuba. Har na fara zargin maigadin layinmu. Da wani yaro mai gyara ya zo, cajar ya fara kallo. Ta asalin ta ƙone tun da damina, aka maye ta da wata 'yar cajar waya. Ya ce da dare kyamara tana kunna fitilun infared da take gani da su a duhu, tana jan wuta fiye da rana, cajar ba ta iya ɗauka, sai ta mutu ta sake tashi. A jikin kyamarar an rubuta 5V 2A, wato ƙarfin wutar da take buƙata, cajar kuma 1A ce, rabinsa kenan. Muka sayo daidai da ita, muka kuma cire doguwar wayar USB mai arha da aka yi mata ƙari. Tun daga nan shiru.

Hajiyar Gwarimpa:
Dogo, Allah ya sa ka nemi afuwar maigadi a zuciyarka. Mu matsalarmu canjin wuta ce. Da an ɗauke an tayar da inji, kyamara tana tashi cikin daƙiƙu, rauta kuma sai ta yi minti ɗaya ko biyu tana miƙa. Kyamarar ta nema ta rasa, ta yi fushi ta zauna, sai an zare ta an mayar. Wasu suna ci gaba da nema, tamu dai ba ta yi. Ƙaramin UPS na rauta muka saya, mai batir a ciki, yanzu rautar ba ta mutuwa sam.

Manomi daga Giwa:
Ku masu waifai kuna cikin daɗi. Tawa ta sola ce mai sim, tana gidan gona wajen kaji. A 2024, lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, nata na ciki. Wanda ya sayar mini shi ya saka sim ɗin, da sunan wani yaronsa aka yi rajista, yaron kuma ya bar gari. Babu yadda na iya, sabon layi na yi da sunana. Duk mai irin wannan ya tabbata layin nasa ne, ya kuma rubuta lambar a wani wuri, don ranar da data ta ƙare za ka neme ta, kyamara kuma tana saman falwaya. Gwajin da nake yi yanzu mai sauƙi ne: a ciro sim a sa a waya. Idan bai buɗe komai ba, kyamara ba ta da laifi.

Data kuwa kallo ne ke cin ta. Idan ka bar ta a HD, wato hoto mai tsabta sosai, kana kallon kaji, awa ɗaya kan iya lashe rabin giga ko fiye. Na mayar da ita SD mai ƙarancin tsabta, sai idan na ga motsin da ban gane ba.

Ɗan Maraɗi:
Manomi, ka ƙara da ƙura. Nan wajenmu da hunturu ya kama, farantin sola yana rufewa da ƙasa, hazo kuma ya tare rana, batir ba ya cika. Kyamara ta yi aiki da rana, ƙarfe biyu ko uku na dare ta mutu, daidai lokacin da ake buƙatarta. Tsumma mai ɗan laima duk mako ya raba mu da wannan. Da bazara kuma, wadda ke ƙarƙashin kwano kai tsaye zafi yana sa ta sandare. Mun sauko da ita inuwar baranda.

Malamar makaranta:
Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace a gidanka. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wahalar sabis, maƙwabciyata ta yi wa kyamarorinta huɗu risetin a ranar, ta zo tana neman wanda zai haɗa mata. Da ta tambayi mutum biyu a unguwa da ta ji kowa haka yake. 'Yan'uwanmu na Zamfara kuwa sun ga wadda ta fi wannan a Satumbar 2021, da aka rufe sabis gaba ɗaya a jihar. Abin da ya taimaki yayana a Gusau shi ne katin memori: kyamara tana ci gaba da naɗa a kansa ko babu intanet, muddin akwai wuta kuma an saita ta a kan hakan. Wanda bai saka ba ya saka.

Mai haɗa kyamara a Kano:
Malama ta faɗi gaskiya, amma a kula da jabun kati, ya cika kasuwa. An rubuta 128GB, cikinsa bai kai ba, kuma katin da ya lalace kan sa wasu kyamarori su riƙa mutuwa suna tashi, mai ita yana zagin sabis. Idan an rasa dalili, a cire katin a gani.

Sabon shiga:
Oga, ni tawa mai igiyar waya ce, ba ta waifai ba, guda huɗu da akwatin naɗa. Ɗaya ce kawai ta yi baƙi, ta bayan gida, tun bayan ruwan shekaranjiya. Ita ma risetin?

Mai haɗa kyamara a Kano:
A'a ƙanena. Ka zare wayarta daga bayan akwatin ka soka a ramin wata mai aiki. Idan ta fito, ramin ne. Idan ba ta fito ba, hau tsani ka duba kan wayar daga can wajen kyamara, za ka iya tarar da shi ya yi kore saboda ruwa. A yanke a matsa sabo, a rufe shi cikin ɗan akwatin roba. In kan lafiya yake, bi wayar ta cikin silin, ɓera na son ta. Nawa ne tsawonta? Idan wayar intanet ce kuma ta haura mita 100, wannan ma kan iya zama matsalar.