Shawara ga mai neman shiga makarantar otal ta Lausanne

Waɗanda suka san EHL, makarantar koyon gudanar da otal da aka kafa a birnin Lausanne na Suwizalan a 1893, sun haɗu kan abu guda: kada ɗalibi ya raina shekarar share fage. Digirin shekara 4 ne, kuma ta farko, wato ta share fage, a kicin, gyaran ɗakuna da hidimar baƙi ake yin rabinta, sauran wata 6 kuma na koyon aiki a otal ne. Wanda ya zo da burin ofis kawai, nan yake karaya. Sun ce a tanadi takalmi marar santsi, domin tsayuwar doguwa ce. Lissafi ma a riƙe shi da gaske, musamman na kuɗin da kowane ɗaki ke shigarwa. Da Turanci ko Faransanci ake karatun.