Musayar waƙa: Cespedes, daga Granma zuwa ramin gona

Direban Bronx:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon ɗan wasan besbol na ɗauko, Yoenis Cespedes na Kyuba, mai tsaron bayan fili. Kowane baiti ya sauka a kan "wa". Wanda ya ga na zuzuta shi da yawa, fage a buɗe yake.

Da sunan Allah za ni fara,
Wanda ya ƙagi ruwa da ƙanƙara,
Ya ba ni basira in tsara,
Waƙar gwanin bugu da cafkewa.

Campechuela can aka haife shi,
A lardin Granma aka raine shi,
Uwa 'yar wasa ce ta goye shi,
Ita ma gwana ce wajen jefawa.

Ya yi wa Granma kaka takwas,
Sunansa ya cika yankin gabas,
Gorarsa in ta faɗa wa ƙwallo, tas!
Sai bayan katanga ake tsintowa.

Da ya ga a gida babu ci gaba,
Ya hau jirgin ruwa ya bar Kyuba,
Teku a baya, teku a gaba,
Sai a Dominika ya samu tsayawa.

A kakarsa ta ƙarshe a gida sau 33 ya doka ƙwallo ta tsallake katanga, suka yi kunnen doki da Jose Abreu. Ya fita a 2011. Zuwa Jamhuriyar Dominika kuwa dabara ce: ɗan Kyuban da ya samu takardar zama a wata ƙasa, ƙungiyoyin Amurka sai su yi ciniki a kansa, shi ya zaɓa.

Malam Na-Ƙofa:
Wa alaikumus salam. Direba, ka yi gudu ka bar kaya a tasha.

Direba sannu, ka iya yabo,
Amma ka rufe mana wani tabo,
Ya bar ɗansa tun ba su yi sabo,
Kuɗi ya kira shi, ba ka faɗawa.

Athletics ta Oakland ta buɗe masa jaka,
Dala miliyan 36 ya ɗauka,
Na shekara 4, to ka ji haka,
Wa zai ga wannan ya ƙi tsallakawa?

'Yar Damagaram:
Malam, Allah ya ja da ranka,
Ba na jayayya da iliminka,
Amma da kai ne, ya za ka yi da kanka,
Kana da baiwa ana ta tauyewa?

A Kyuba hukuma ke riƙe da wasa,
Albashin gwani yana can ƙasa,
A lokacin ba izinin bugawa a nesa,
In ka fice kuma babu komawa.

A Tokyo ya fara sanya riga,
Washegari ya aika ta bayan katanga,
Cikin sababbi na 2 ya shiga,
Mike Trout kaɗai ya gagara kamowa.

Watan Maris na 2012 ke nan, a karawarsu da Mariners. Na 2 ɗin kuwa a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa na shekarar ne.

Ɗan Autan Zaure:
Yayyena, ni sabo ne a allo,
Ƙwallon ƙafa kaɗai nake kallo,
Shi mai tsaron bayan fili da ƙwallo,
Mene ne aikinsa ban da tsayawa?

Direban Bronx:
Auta, su 3 ne can baya: hagu, tsakiya, dama. In aka doko ƙwallo suka cafke ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita. In ta faɗi, sai su tsince ta su wurgo kafin mai gudu ya taka zango. Ƙarfin dantse ake nema. Saurari abin da ya faru a Anaheim ran 10 ga Yuni, 2014, da ƙungiyar Angels.

Trout ya doko ta, ta nufo hagu,
Ta zame wa safa ta shige lungu,
'Yan kallo sun miƙe gungu-gungu,
Suna ganin ci ya gama samuwa.

Ya tsince ta can a gindin bango,
Bai nemi mai karɓa ba a zango,
Jifa ɗaya tak, miƙaƙƙe, dogo,
Ba ta taɓa ƙasa ba wajen tahowa.

Kusan mita 90 ta yi a iska,
Abokin wasansa Derek Norris na jira, ya ɗaga fuska,
Ya taɓa mai gudu Kendrick, allo ya haska,
An fitar da shi dab da isowa.

Kada kuma a manta, gasar bugun nesa ta taurari shi ya cinye ta a 2013, ya maimaita a 2014.

Malam Na-Ƙofa:
Jifar ta yi kyau, ban musa ba. Sai dai shi ya zubar, shi ya kwashe. Ga tambayata:

In gwani ne me ya sa ake yawo da shi?
Oakland ta ba Boston ta sallame shi,
Boston ta kai Detroit ta sauke shi,
Detroit ma ba ta daɗe ba sai miƙawa.

Riga 4 cikin shekara guda,
Daga Yuli zuwa Yuli ana sauya gida,
Dokin ƙwarai ba ya barin fada,
Sai in akwai abin da ake ɓoyewa.

Direban Bronx:
Malam, duba abin da aka biya,
Lester, Porcello, Fulmer, manyan kaya,
Oakland da ta sake shi ta sha wuya,
Daga saman tebur ta dinga zamewa.

Niyok ta karɓe shi ƙarshen Yuli,
Mets na ɗingishi, ba ta da hali,
Wasa 57 ya yi musu a fili,
Sau 17 katanga yana tsallakewa.

Wancan bazarar ta 2015 duk fasinjan da na ɗauka zuwa Queens, inda filin Mets yake, lambar Cespedes, 52, ce a bayansa. Rabon Mets da wasan ƙarshe na cin kofi tun 2000, sai da mutumin nan ya zo.

Malam Na-Ƙofa:
Madalla da ka kawo mu wasan ƙarshe da kanka, na Mets da Royals.

Daren farko, jifar farko,
Escobar na Royals ya doka ta yi sama ta sauko,
Ta bugi ƙafar gwaninka bai ɗauko,
Mutum ya kewayo gida ba tsayawa.

Royals ta ɗau kofi, mun ga na shaye,
Sai ga motoci kala-kala a atisaye,
Ran nan a kan doki ya zo a haye,
Miliyan 110 kuma ana ta ƙirgawa.

'Yar Damagaram:
Malam, mota ba ta karya ƙafa. Ƙashi ne ya yi masa tsiro a diddige, duka biyun, aka yi masa aiki a 2018.

Ba ragwanci ba ne, ciwo ne a diddige,
Yana takawa jijiya na tsarge,
Likita ya yanka, ya ɗinke, ya ɗaure,
Mai ciwo ba a yi masa gorin kwantawa.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, baitinki na 3 ya ɗan goce, amma na yafe. Ni dai na je na karanto na watan Mayu, 2019, dariya ta hana ni rubutu.

Yana jinya a gonarsa ta Florida,
Aladen daji sun dame shi a gida,
Ya ɗana tarko, ya kama guda,
Aka ce garin saki ne ya sha kora da zabura da faɗawa.

Ƙafa ta zurma cikin rami,
Idon sawu ya karye, na riƙe baki da lami,
Mets ta ce kuɗinmu ba su da tsami,
Albashi ya sha mugun yankewa.

Layin can na ƙarshe ya yi tsawo, ku yi haƙuri, aladen ne ya ja shi.

Direban Bronx:
Daga dala miliyan 29.5 aka mai da na 2020 zuwa miliyan 6, sauran sai ya yi wasa. Amma Auta, ka tsallake ran 24 ga Yuli.

Shekara 2 bai taka fili ba,
Kowa ya ce ba zai ƙara ba,
Ya doka ɗaya, Braves ba ta rama ba,
Da 1 da nema aka yi tashi, a filin da ba kowa.

Malam Na-Ƙofa:
Kwana 9 bayan nan fa?

A Atlanta an jira shi bai zo ba,
An buga waya bai ɗauka ba,
An buɗe ɗaki ba a gan shi ba,
Ya kwashe kayansa ba sanarwa.

'Yar Damagaram:
Korona ce, Malam. Buster Posey da David Price ma sun ƙi bugawa a shekarar.

Malam Na-Ƙofa:
Su sun faɗa tun kafin a fara, 'yata. Shi wakilinsa ne ya aiko ana tsakiyar wasa.

'Yar Damagaram:
To ga wanda ba ka zata ba. Ƙofar da na ce ba ta buɗuwa, ta buɗu a 2023.

Ƙasar da ya bari ta sake kiransa,
A gasar duniya ta ba shi rigarsa,
Gora ta yi nauyi, gudu ya bar sa,
Amma sunan Kyuba yana ƙirji, kowa na ganewa.

Malam Na-Ƙofa:
Can ma ana tsakiyar gasar ya bar tawaga, ya tafi da uzurinsa.

Direban Bronx:
Malam ba ka da dama! Sau 165 ya tsallake katanga a babbar gasar Amurka, ka ƙirga su tukuna. Fasinja ya shigo mini, za mu filin jirgi. Auta, ka nemo mana labarin Jorge Soler kafin in dawo, in ga ta inda Malam zai kama shi.