Shawarwari ga mai koyon tsara shafin intanet

A wata tattaunawa da aka yi kan shawarar da za a ba mai koyon tsara shafin intanet, abin da aka fi nanatawa shi ne a bar fili. Sabon shiga yakan cika shafi maƙil, har ido ya rasa inda zai sauka. Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

An ce a fara zana tsarin a takarda, allon waya kafin na kwamfuta. Salon haruffa kada ya wuce biyu. Rubutu ya fita sosai daga launin bayansa. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafi zai karantu ga kowa har da masu raunin gani, ta nemi bambancin haske na 4.5 zuwa 1 tsakanin ƙananan haruffa da launin bayansu. Daga nan a koyi Flexbox da Grid, wato hanyoyin jera abubuwa a kan shafi, a riƙa sake gina shafukan da suka burge mutum don hannu ya faɗa.