Na gama bidiyon talla, Alhaji ya ce ba kalarsa ba ce: mene ne amfanin sitayil firem?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane mai motsi. Tambaya gare ni, da ɗan ƙorafi a ciki. Wani Alhaji mai yin yogot a nan Kano ya ba ni aikin talla ta daƙiƙa 30. Duk bayaninsa saƙon murya ne ta WhatsApp: "A yi shi da kyau, irin na talabijin." Kwana tara na yi a kan After Effects, manhajar haɗa zane mai motsi, robar yogot tana juyawa, madara tana fantsama, rubutu yana shigowa ɗaya bayan ɗaya. Fitar da bidiyon kaɗai sai da na roƙi maƙwabcina ya ja min waya daga janaretonsa. Ina turawa, ko minti biyar ba a yi ba ya kira: shuɗin ya yi duhu, shi ruwan hoda yake so irin na jikin robar, rubutun kuma wai kamar na katin biki. Abokina ya ce laifina ne da ban fara nuna masa sitayil firem ba. To ai na yi sitoribod da fensir, ya gani ya ce madalla. Ba abu ɗaya ba ne? Guda nawa ake yi, kuma ana cajin kuɗinsa daban?

Baba Mai Leya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, duk mun sha wannan. Ba abu ɗaya ba ne. Sitoribod labari yake nunawa: me ya fara, me ya biyo, daga ina kyamara take kallo. Alhaji ya amince da labarinka, amma fensir bai gaya masa kala ba. Sitayil firem hoto ne tsayayye da aka gama shi tsaf, kamar ka tsayar da bidiyon da aka kammala ka ɗauki hoton allo: kala, salon rubutu, haske, inuwa, komai a wurinsa. Tela ma ba ya sa almakashi a shaddar mutum sai ya nuna masa samfurin aikin wuya.

Yi lissafi. Bidiyo jerin hotuna ne, kowane ɗaya shi ne firem. A firem 25 cikin daƙiƙa, tallarka firem 750 ce. Ka gina 750 a kan zato, alhali uku ko huɗu sun isa su fito da abin da ke ransa. Ni nakan zaɓi buɗewa, wurin da kayan ya fito sosai, wuri ɗaya mai rubutu da yawa, sai rufewa mai tambari da lambar waya. Ina yin su a manhajar zane ta Photoshop ko Illustrator a girman aikin na gaskiya, 1920 da 1080, kowane abu a leyarsa, wato shimfiɗarsa daban, da sunansa, don After Effects yana ɗauko fayil ɗin da leyoyinsa, ka ga rabin aikin motsin ya riga ya kwanta. Sauya shuɗi zuwa ruwan hoda a nan minti goma ne.

Kuma kada ka yarda da "to ya yi" a baki. Ya rubuta, ko ya turo murya, ka adana.

Maman Ilham:
Baba ya gama magana, amma bari in ƙara abin da ya taɓa ƙona ni. Ka sa ainihin rubutun Hausar a cikin samfurin, ba rubutun cike gurbi ba. Na taɓa zaɓar wani salon rubutu mai kyau, mai aiki ta amince, sai da na zo rubuta "ƙarfi" da "ɗanɗano" na ga babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsa. Akwati ne yake fitowa a wurinsu. Dole na koma Noto Sans, fasalin tallar duk ya canja. Yanzu kalmar farko da nake gwadawa ita ce "ƙwanƙwasa".

Sannan ka tambaye shi inda za a saka. Yana cewa talabijin, amma ina tabbatar maka a sitatus ɗin WhatsApp da TikTok za ta ƙare, wato a tsaye, 1080 da 1920. Ka yi samfuri ɗaya a haka, ka duba a ƙaramar waya cikin rana.

Injiniya Tudun Wada:
Ni ina da ja kaɗan. Samfuri ma yana jefa mutum a rami. Na taɓa ƙawata guda uku da hayaƙi da gilashi da haske iri-iri, aka amince, sannan na gane kwamfutata mai RAM 8, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar aiki, ba za ta iya motsa su ba. Alkawari na ɗauka da hoto. Kada ka zana abin da ba ka san yadda za ka motsa shi ba, kuma kada ka ba da zaɓi ya wuce biyu, in ba haka ba zai ce a haɗa masa kan wannan da ƙafar wancan.

Batun kuɗi: ba na raba shi, amma sai an ba ni kafin alƙalami nake farawa, kuma gyara sau biyu ne a matakin samfuri. Bayan an shiga motsi, sauya kala sabon ciniki ne.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi sitayil firem guda uku da ruwan hoda na tura wa Alhaji da yamma. Ya zaɓi na biyu, amma ya ce a ƙara girman hotonsa a ƙarshe. Maman Ilham, na gwada "ƙwanƙwasa" a rubutun nawa na farko, akwati biyu suka fito.