In ƙananan galaksi suka yi karo, ya ake samun sabbin taurari?

Mai_Kallon_Sama:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah wani abu ne ya ɗaure min kai, ana cewa in ƙananan galaksi (wato tarin taurari da gas masu ɗimbin yawa a sararin samaniya) biyu suka gogi juna ko suka haɗe sai sabbin taurari su yi ta fitowa rututu. To ni a tunanina karo ai ɓarna yake kawowa, ta ina kuma zai haifi taurari? Taurarin ba sa bugun juna ne?

Tauraruwa:
Wa alaikumus salam. Malam ai taurarin da kyar su taɓa juna, tazarar da ke tsakaninsu ta wuce tunani, giftawa kawai suke. Abin da ke karo da gaske iskar gas ce, galibi haidirojin, kuma ƙananan nan maƙil suke da ita in ka duba girmansu. Ƙarfin janyowar ɗaya sai ya finciko gas ɗin ɗayan ya matse shi wuri guda, da ya yi kauri ya huce sai ya rufta cikin kansa, nan taurari ke kamawa.

Ɗalibin_Falaki:
Gaskiya ne 'yar'uwa, kuma ba sai an je nesa ba ma. Ga Gajimaren Magellan guda biyu nan, ƙananan galaksi ne maƙwabtan galaksinmu, babban kusan shekarar haske (wato nisan da haske ke ci a shekara guda) 160,000 daga nan, ƙaramin wajen 200,000, tsakaninsu akwai wata gada ta gas da jan juna ya fizgo, kuma a cikin gadar an ga taurari sabbi fil wallahi abin yana burge ni. Sai kuma wani ƙaramin galaksi mai suna NGC 4449, a 2012 aka nuna wani zaren taurari a gefensa, ragowar wani ƙarami ne da yake kan haɗiyewa. Ƙarami na cin ƙarami kenan.

Mai_Kallon_Sama:
Allah ya ƙara ilimi. To haka za su yi ta haihuwa ba tsayawa?

Tauraruwa:
A'a fa. Manyan taurarin da aka haifa ba sa daɗewa, cikin 'yan miliyoyin shekaru suke fashewa, to shi ƙaramin galaksi ƙarfin riƙonsa kaɗan ne, fashewar nan tana iya korar gas ɗin waje, haihuwar ta lafa har sai wani gas ɗin ya huce ya dawo.