Mayar da zanen da'irar lantarki daga SVG zuwa EPS

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An turo mini zanen da'irar lantarki a tsarin fayil ɗin zane na SVG, amma da na mayar da shi tsarin EPS (wani nau'in fayil ɗin zane na ɗab'i) domin rahotona, sai lambobin sassan suka goce daga wurarensu. Mene ne mafita?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Galibi idan kwamfutarka ba ta da irin haruffan da aka yi rubutun da su, takan musanya su da wasu masu faɗi daban. Ka buɗe zanen a manhajar zane ta Inkscape, ka mayar da rubutun zuwa layukan zane kafin ka adana shi.

Amsa ta biyu: Haka ne, Malam, sai dai bayan haka rubutun ba zai gyaru ba, don haka ya ajiye na asali. Idan da KiCad, manhajar zanen da'irar lantarki, aka zana, gara a fitar da fayil ɗin PDF ko PostScript (tsarin ɗab'i da EPS ya samo asali daga gare shi) kai tsaye daga cikinta.