Ina son zama malamar firamare, ta ina zan fara?

Rukayya Funtuwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Bana na gama sakandare, sakamakon NECO ya fito, kuma alhamdu lillahi na samu kiredit har da Turanci da Lissafi. Koyarwa nake so, kuma ta firamare. A gida an rabu biyu. Baba ya ce in nemi NCE, yayana ya ce ɓata lokaci ne, in wuce jami'a kai tsaye. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara: wace makaranta, wane kwas, kuma me ya kamata in fara koya tun yanzu?

Malam Garba, tsohon hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ki bi maganar mahaifinki. A Najeriya NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda a shiga aji da ita, karatun shekara 3 ne, kuma ta JAMB ake shiga. Mu a zamaninmu takardar malanta ta Grade II ake yi. Lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, a 1976 yara suka cika makarantu babu malamai, shi ya sa aka kafa cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, a Kaduna don a horar da mutane da gaggawa. Yanzu an daina karɓar Grade II.

Abin da nake so ki riƙe shi ne zaɓen kwas. Ki nemi sashen nazarin ilimin firamare, wanda ake ce wa PES. Na sha karɓar sababbin malamai da NCE ta Tattalin Arziki ko Kimiyyar Siyasa, a ba su aji ɗaya, su tsaya suna kallon yara, yara na kallonsu. Ba laifinsu ba ne, don sakandare aka horar da su. Malamin ƙananan azuzuwa shi ne komai a ajinsa: Hausa, Turanci, Lissafi, rubutu, waƙa, har da raba faɗa da share majina.

Abban Sultan:
Baba Malam, da girmamawa, amma yayanta bai yi ƙarya ba. Mai NCE a matakin albashi na 7 ake ɗaukarsa, mai digiri a mataki na 8. Me zai sa yarinya mai sakamako mai kyau ta kashe shekara 3, sannan ta dawo neman digiri? Akwai digirin ilimi a jami'o'i, ta yi shekara 4 ta huta gaba ɗaya.

Malam Garba, tsohon hedimasta:
Abban Sultan, lissafinka na albashi daidai ne. Amma mai NCE da ta fito da sakamako mai kyau tana shiga jami'a a aji biyu ta hanyar DE, wato shiga kai tsaye, kuma da yawa suna yin digirin suna kan aiki, suna ɗaukar nauyin kansu. Sannan ka tuna mace ce. In aure ya zo bayan shekara 3, ta riga ta riƙe takardar da za ta yi aiki da ita. Amma in an samu gurbin digirin ilimin firamare kuma gida za su iya, ni ba zan hana ba. Abin da ba na so shi ne ta karanta wani abu dabam, ta rasa aiki, sannan ta faɗo koyarwa da ɓacin rai.

Anti Hauwa:
Ni duk wannan musu na NCE da digiri bai dame ni ba. Rukayya, takarda ita ke shigar da ke aji, amma ba ita ke koyar da yaro ba. Tambayar da zan yi miki ita ce: in aka kawo miki yaro ɗan shekara 6 da bai taɓa riƙe fensir ba, kin san yadda za ki yi ya fara karatu?

Aji biyu nake riƙewa, kuma abin da ke ɓata mana rai shi ne mu ga yaro ya kai aji biyar yana iya kwafe duk abin da ke kan allo da kyakkyawan rubutu, amma ka nuna masa kalma ɗaya ka ce karanta, sai ya sunkuyar da kai. Daga ƙasa aka yi asararsa. An saba masa da amshi: malama ta faɗa, aji ya maimaita da ƙarfi, hedimasta ya wuce ya ji hayaniya ya ce ana aiki. Alhali yara biyar na gaba ne ke karantawa, saura bakinsu kawai ke motsi.

Don haka ki fara da gyara Hausarki ta rubutu. Kada ki ce ai Bahaushiya ce ni. Ki san ƙa'idojin rubutu, ki bambanta ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, ki san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Malamar da ke rubuta "kasa" a allo tana nufin "ƙasa" ta riga ta rikita yaro. Hausa tana da sauƙin koyar da karatu domin yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Ki koya wa yaro sautin harafi kafin sunansa, ya haɗa baƙi da wasali ya samu gaɓa, ya haɗa gaɓa biyu ya samu kalma: ba da ba, baba, ka da za, kaza. Ranar da ya gane wannan dabarar, shi da kansa zai riƙa tsayawa yana karanta allunan shaguna a hanya. Turancin ma sai ya fi zuwa masa da sauƙi, tunda ya riga ya san cewa rubutu magana ce.

Ki nemi littattafan shirin koyar da karatu da lissafi na RANA, a jiharku ta Katsina da Zamfara aka yi shi, ba za ki rasa malamar da ke da jagoran malami ba. A Bauchi da Sakkwato kuma an yi Mu Karanta. Duka biyun a kan koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa aka gina su, darasi bayan darasi. Ki ara ki karanta, sannan ki tara yaran maƙwabta huɗu ko biyar bayan la'asar ki gwada a kansu. Kafin ki shiga kwaleji za ki san ko da gaske kina son aikin.

Maman Khalifa:
Anti Hauwa, amma iyaye yanzu Turanci suke so. Ni a makarantar kuɗi nake koyarwa, in aka ji ki kina Hausa a aji sai an kira ki ofis.

Anti Hauwa:
Na sani ƙanwata. Ban ce a bar Turanci ba, dole Rukayya ta gyara nata, ta iya furuci, in ta samu horon Jolly Phonics, wato koyar da karatun Turanci ta sautin haruffa, ta je. Amma tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta kawo maganar fara koyar da yaro da harshen da yake ji, gwamnatoci suna ta jan zancen gaba da baya. Ni dai abin da na sani, yaron ƙauye da bai taɓa jin Turanci a gidansu ba, in kika fara masa da shi zalla, haddar sauti kawai zai yi.

Malam Bala Zariya:
Ƙanwata, ni zan taɓo wani gefe. Ki riƙe Lissafinki da Turancinki na firamare da kyau, kada ki raina su. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce sai mutum ya ci kashi 75 cikin ɗari, sama da malamai 21,000 ba su kai ba, aka sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka shirya ta da yadda aka yi makin, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi yajin aiki, kuma har gobe akwai masu ganin an zalunce su. Ko ma dai mene ne, tun daga lokacin jihohi da yawa sai sun yi jarrabawa kafin su ɗauki malami, wasu ma a kwamfuta. Ki sayi littattafan Lissafi na aji huɗu zuwa shida ki riƙa yin aikin ciki. Za ki yi mamakin yadda rabawa mai tsawo ke kufce wa wanda ya saba da kalkuleta.

Sannan bayan kin gama ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. An kafa ta a 1993, amma daga 2017 ne aka fara sai ka zauna jarrabawar cancanta kafin a ba ka shaida. A kwamfuta ake yi, don haka ki saba da ita tun yanzu.

Mushe Isufu Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar makarantun horon malamai muke da su, ENI, akwai a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da sauran jihohi. Abin da Malama Hauwa ta faɗa shi ne ciwonmu mu ma. Yaro ya shigo lakkol ajin CI, wato aji ɗaya, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, mushe na ta magana shi kaɗai. Mu ma a 2017 an yi wa malamai 'yan kwantaragi jarrabawa, aka cire da yawa. Shawarata gare ki ƙanwata, ki shirya ma zaman ƙauye. Sabon malami ba a barin shi cikin gari. Ki koyi gaida maigari da liman da uwayen yara, don in ba su yarda da ke ba, lokacin shuka da girbi ajinki wayam za ki tarar da shi.

Hajiya Binta:
Mushe ya faɗi gaskiya, kuma a nan mace ta fi namiji tasiri. Akwai garuruwan da iyaye ba sa sakin 'ya'ya mata sai sun ga malama mace a makarantar. In kin je ki shiga gidaje, ki san matan da ke cikin kwamitin kula da makaranta, SBMC, su ne za su taya ki dawo da yarinyar da talla ta ɗauke.

Zancen makaranta kuwa, a jiharku akwai kwalejin ilimi ta tarayya, FCE Katsina, da kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-ma. Zariya ma ba ta da nisa da ku. In Baba ya fi son inda babu cakuɗa, kwalejin tarayya ta Gusau mata zalla take ɗauka. Ki duba ƙasidar JAMB ta shekarar da za ki zauna, ki tabbatar kwas ɗin da kike so yana nan, domin an ɗaga wasu kwalejojin zuwa jami'a, abubuwa sun sauya.

Malam Garba, tsohon hedimasta:
Na dawo, akwai abin da ban faɗa ba. Koyarwar gwaji, TP. Ɗalibai da yawa suna neman makarantar kuɗi ta bayan gidansu, aji mai yara goma sha biyar, ko inda za a sa musu hannu ba tare da sun zo ba. 'Yata kada ki yi haka. Ki nemi a tura ki makarantar gwamnati. A takarda an ce malami 1 ga yara 35, amma za ki iya tarar da fiye da ɗari, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Gara ki gamu da wannan tun kina da mai duba ki. Ki liƙe wa tsohuwar malamar da kika ga ajinta ya natsu ba tare da bulala ba, ki kalli yadda take shiga, inda take tsayawa, yadda take kiran rajista, yadda take sa manyan yara su taimaki ƙanana. Ki koyi rubuta shirin darasi da hannunki, ban da kwafar na wata. Ki koyi rubutun allo a miƙe, manya-manya, yadda na baya zai gani. Kayan koyarwa kuma kada ki jira gwamnati: marafan kwalba, tsinken tsintsiya, ƙwallon dabino da kwali sun isa koyar da ƙirga da tarawa da ɗebewa.

Abban Sultan:
Baba Malam, aji mai yara ɗari babu bulala? Mu da bulala aka koya mana kuma ga mu.

Anti Hauwa:
Ga ku, ku da kuka jure. Waɗanda suka gudu daga aji uku ba sa cikin wannan zaure balle su ba da labari. Yaron da ke tsoron duka ba ya ɗaga hannu, in bai ɗaga hannu ba ta ina zan san inda ya maƙale? Waƙa da tafi da kiran yaro da sunansa sun fi yi mini aiki. Kuma Rukayya, ki koyi adana murya. Sabuwar malama takan yi ta ihu, kafin Alhamis murya ta dushe.

Malam Bala Zariya:
A faɗa mata zancen kuɗi kuma, kada ta ce mun ɓoye. Albashin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ke kula da ɗaukar malamai, kuma ya danganta da jiha. Wani wuri yana zuwa a kan kari, wani wuri ƙarin girma sai a takarda. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma ba ko'ina malaman firamare suka gan shi lokaci guda ba. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 ta aiki, ita ma sai jihar da ta aiwatar. Ki haɗa da sana'ar hannu wadda ba za ta fitar da ke daga aji ba, ɗinki ko lesin na yamma. Kuma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki takardar ɗaukar aiki, ki guje shi. Ranar tantancewa irin waɗannan takardu ake fara zubarwa.

Rukayya Funtuwa:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na karanta wa Baba duka, ya ce a gaida Malam Garba. Yayana dai har yanzu yana kan bakansa, amma ya yarda zai biya kuɗin JAMB. PES zan cike. Anti Hauwa, akwai wata malama a layinmu, gobe zan je in tambaye ta littafin RANA. Yaran kuma ina da su a gida, ƙannena biyu da 'yar yayata.

Hajiya Binta:
Madalla. Kafin ki je cike fom ki duba lambarki ta NIN, JAMB ba ta rajista sai da ita. Ki tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN da takardar NECO, har yadda aka jera sunayen. In akwai bambanci ki gyara tun yanzu, kafin layi ya yi tsawo.